Kuɗin da Ba Ya Mantuwa

Takardar naira dubu ba ta da baki. Idan muka miƙa ta ga mahauci, ba ta gaya wa kowa aljihun da ta fito ko abin da aka saya da ita. Mun saba da haka har ba ma lissafa shi cikin ni'imomi. Amma tun da muka koma tiransifa da katin banki da na'urar POS, kowane kwabo ya fara barin sawu: suna, lokaci, wuri, adadi. Wanda ya riƙe wannan bayani ya san asibitin da muke zuwa, da ƙungiyar da muke ba gudummawa, da gidan da muke aika wa kuɗin cefane ba tare da kowa ya sani ba. In aka cire hayaniyar hawa da faɗuwar farashi, tarihin kuɗin kirifto tarihi ne na wasu tsirarun mutane da suka hango wannan tun kafin intanet ta shiga gidaje, suka tashi ƙera kuɗin kwamfuta mai kama bakinsa kamar takarda. Abin da suka samu ya sha bamban da abin da suka fita nema.

A Amurka aka fara. A 1970 majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta tilasta wa bankuna ajiye bayanan abokan hulɗarsu, daga bisani aka ɗora musu kai rahoto duk lokacin da wani ya yi hada-hadar tsabar kuɗi sama da dala 10,000. Abin dariya, sunanta dokar sirrin banki. A 1976, a shari'ar wani mai suna Miller da ake tuhuma da dafa barasa a ɓoye, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardun da ke hannun banki na banki ne, mai ajiya ba shi da hurumin cewa sirrinsa ne.

A wannan shekarar dai, wasu masu bincike biyu a jami'ar Stanford, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka fito da sabuwar dabarar kulle saƙo. Mu kwatanta ta da kwaɗon da kowa zai iya datsewa, amma mutum ɗaya tak ke da mabuɗinsa. Kafin nan, ilimin ɓoye rubutu kusan na sojoji ne da hukumomin leƙen asiri. Yanzu ga shi a mujallar da kowane ɗalibi zai iya karantawa.

Cikin ɗaliban da suka karanta akwai David Chaum na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1982 ya gabatar da abin da ya kira makahon sa hannu, kuma misalin da ake bayar da shi ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum ya rubuta wata doguwar lamba a takarda, ya sa ta cikin ambulan tare da takardar kabon, ya liƙe, ya kai banki. Banki ya cire dala ɗaya daga asusunsa, ya buga hatimi a bayan ambulan ɗin ba tare da ya buɗe ba. Hatimin ya ratsa ta kabon ya zauna a kan takardar ciki. Mutumin ya koma gida ya yaga ambulan, yanzu yana riƙe da takarda mai hatimin banki wadda bankin bai taɓa ganin lambarta ba. Ranar da mai kanti ya kawo ta, banki zai gane hatiminsa ya biya, amma ba zai san wanda ya ba wa ita tun farko ba. Aikinsa kawai ya rubuta lambar a jerin waɗanda aka kashe, don kada a sake kawo ta. Chaum ya mayar da wannan ambulan lissafi.

Ya kafa kamfanin DigiCash a Amsterdam, a 1995 kuma wani ƙaramin banki a birnin St. Louis, Mark Twain Bank, ya fara ba da wannan kuɗi. Deutsche Bank na Jamus ma ya gwada. A 1998 kamfanin ya karye. Ba gwamnati ce ta rufe shi ba, masu saye ne suka ƙi zuwa. Mutane suna da katin bashi, kuma rubuta lambarsa a shafin intanet bai dame su ba. Wannan shi ne abin da masu yabon kirifto ba su cika son tunawa ba: kuɗin da ya fi kowanne rufin asiri an riga an ƙera shi, kasuwa ta juya masa baya.

Ana cikin haka wata rigimar ta kunno kai. A 1991 Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP kyauta, wadda ke ba kowa damar kulle wasiƙarsa. Dokar Amurka a lokacin tana lissafa irin wannan manhaja cikin kayan yaƙi, fitar da ita waje laifi ne kamar fitar da makami. Aka buɗe masa bincike a 1993. Martanin da aka mayar yana da wayo: a 1995 maɗaba'ar jami'ar MIT ta buga lambobin manhajar gaba ɗaya a matsayin littafi, domin tsarin mulkin ƙasar ya kare littafi, kuma duk wanda ya saya a waje zai iya mayar da shi cikin kwamfuta. A farkon 1996 gwamnati ta janye ba tare da gurfanar da shi ba. Haka ma shirin gwamnatin Clinton na 1993, na dasa wata 'yar na'ura mai suna Clipper a wayoyi wadda hukuma za ta riƙe mabuɗinta na biyu, ya mutu bayan wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna yadda za a kewaye ta.

Waɗanda suka fi ɗaga murya a wannan faɗa su ne wata ƙungiya da ta fara taruwa a yankin San Faransisko a 1992, ƙarƙashin Eric Hughes da Timothy May da John Gilmore, suna kiran kansu Cypherpunks. Aƙidarsu ita ce ba a roƙon gwamnati ko kamfani ya kare maka sirri, kai ne za ka rubuta manhajar da za ta kare shi. Sun ci nasara a kan wasiƙa. Kullen da ke cikin WhatsApp ɗinmu yau jikan wannan nasara ne. A kan kuɗi kuwa, abin ya gagara.

Dalilin a bayyane yake. Duk kuɗin intanet na wancan zamani yana da kai, kuma abin da ke da kai ana iya sare shi. Wani likitan ciwon daji a Florida, Douglas Jackson, ya kafa e-gold a 1996, kuɗin da zinari na gaske ke tsaye a bayansa. 'Yan damfara suka yi masa ca, aka tuhume shi a 2007, ya amsa laifi a 2008. Liberty Reserve ta gudu Kosta Rika, aka bi ta can aka rufe a 2013, mai ita Arthur Budovsky ya sami ɗaurin shekara 20. A tsakani an kai harin 11 ga Satumba 2001, dokokin sanin abokin hulɗa suka ƙara tsauri a ko'ina.

Ran 31 ga Oktoba 2008, duniya na tsakiyar durƙushewar bankuna, wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da maƙala mai shafi 9. Tambayarsa ita ce: in babu banki, wa zai riƙe jerin kuɗin da aka kashe? Amsarsa: kowa. Dubban kwamfutoci za su riƙe kundi iri ɗaya, a ƙara masa shafi kusan kowane minti goma, kuma adadin kuɗin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Ran 3 ga Janairu 2009 ya rubuta shafin farko, ya cusa kanun jaridar The Times ta Landan na ranar, mai magana kan shirin sake ceto bankuna. Kwana tara bayan haka ya aika wa Hal Finney, tsohon ɗan Cypherpunks, Bitcoin 10.

To, a nan aka yi cinikin da bai bayyana wa mutane da wuri ba. Don a kawar da banki, dole kowa ya iya duba kowace hada-hada. Babu suna a kundin, sai dogayen lambobi, amma duk motsin da kuɗi ya yi daga wannan lamba zuwa waccan yana nan a rubuce, a fili, ba ya goguwa. Chaum ya yarda da banki don ya sami sirri. Satoshi ya sayar da sirri don ya rabu da banki.

Amfanin farko da aka gani shi ne ba a iya tare shi. A Disamba 2010 Visa da Mastercard da PayPal suka daina karɓar gudummawa ga WikiLeaks. Satoshi da kansa ya roƙi kada a jawo ƙaramin aikinsa cikin wannan wuta, ba da daɗewa ba ya ɓace, har yau ba a san ko wane ne ba. WikiLeaks ta fara karɓar Bitcoin a 2011. A shekarar ce kuma Ross Ulbricht ya buɗe Silk Road, kasuwar miyagun ƙwayoyi a ɓoyayyen sashen intanet, da imanin cewa kuɗin ba ya barin sawu. An cafke shi a wani ɗakin karatu a San Faransisko a Oktoba 2013, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 2015, sai a Janairu 2025 Trump ya yafe masa.

Abin da ya biyo bayan kamun ya fi kamun muhimmanci. Jami'an gwamnati biyu da ke cikin binciken, Carl Force na hukumar yaƙi da ƙwayoyi da Shaun Bridges na hukumar tsaron shugaban ƙasa, sun wawuri Bitcoin suna ganin ba mai ganewa. Wani jami'in binciken haraji, Tigran Gambaryan, ya zauna ya bi kuɗin lamba bayan lamba a cikin kundin, har ya kai inda aka canja su a asusu mai suna. Duka biyun sun tafi kurkuku. Daga nan aka gane cewa rauninsa yana bakin ƙofa: duk inda Bitcoin zai koma dala ko naira, akwai ɗan canji, kuma ɗan canji yana da ofis da lasisi. Kamfanoni irin su Chainalysis, wanda aka kafa a 2014, suka mayar da bin sawun sana'a, gwamnatoci ne manyan kwastomominsu.

Masu neman sirri ba su haƙura ba. Monero ya fito a 2014, Zcash a 2016, sannan Tornado Cash a 2019, wata manhaja da ke cakuɗa kuɗin mutane da yawa har a kasa gane na wane ne. A Agusta 2022 baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba mata takunkumi, yana cewa 'yan kutsen Koriya ta Arewa sun wanke ɗaruruwan miliyoyin daloli ta cikinta. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce manhajar da ba mai iya sarrafa ta ba dukiyar kowa ba ce, aka ɗage takunkumin a Maris 2025. Amma kafin nan wata kotu a Holan ta ɗaure ɗaya daga cikin marubutanta, Alexey Pertsev, wata 64. Abin da Zimmermann ya tsallake, shi bai tsallake ba. A ganinmu hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, kuɗin sata na gaske ne aka wanke. Sai dai mu da muka san buhunan tsabar kuɗi da ake kai wa daji a matsayin fansa ba za a gaya mana cewa ɓarna ta jira kirifto ba.

Nijeriya ta shiga wannan labari ta ƙofar da WikiLeaks ta bi. A Oktoba 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, hanyoyin tara gudummawa ta banki suka fara toshewa, ƙungiyar Feminist Coalition ta koma karɓar Bitcoin. A Nuwamba Babban Banki ya sami umarnin kotu na daskarar da asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar. Ran 5 ga Fabrairu 2021 ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Cinikin bai tsaya ba, ya koma hannu da hannu: ka tura mini naira ta banki, in sakar maka kirifto, ba mai rubuta dalilin tiransifa. A Oktobar shekarar gwamnati ta fito da nata kuɗin, eNaira, wanda Babban Banki ne ke riƙe da kundinsa. Jama'a ba su karɓe shi ba, ko a farkon 2023 da canjin kuɗi ya sa muka kwana a layin ATM.

An ɗage haramcin a Disamba 2023. Wata biyu bayan haka, naira na zubewa, gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso ya ce dala biliyan 26 sun bi ta dandalin Binance a Nijeriya cikin shekara guda daga inda ba a iya tantancewa ba. Kamfanin ya turo jami'ai biyu Abuja don tattaunawa, aka tsare su. Ɗaya ya tsere. Wanda ya rage shi ne Tigran Gambaryan, mutumin nan da ya nuna wa duniya cewa ana bin sawun Bitcoin, wanda ya bar aikin gwamnati ya koma Binance a 2021. Ya yi watanni a kurkukun Kuje, rashin lafiya ta kai shi ga dogara sanda a kotu, sai a Oktoba 2024 aka janye tuhumar da ake yi masa ya koma gida.

A Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC. Yau matashin da ke son buɗe asusu a dandali mai rajista, a Kano ne ko a Legas, sai ya ba da lambar BVN ko NIN, ya ɗora hoton katin shaidarsa, sannan ya kalli kyamarar wayarsa ya juya fuska dama da hagu har manhaja ta gamsu cewa shi ne.