Yadda Takardar 1913 Ta Raba Nijeriya Da Bakasi

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Rigachikun, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Mai takardar manomi ne da ke taɓa fataucin hatsi. Ya ce, wai shin yaya aka yi Nijeriya ta rasa Bakasi, alhali mutanenta ne ke zaune a can?

To Malam, madalla da wannan tambaya. Bakasi dai wasu 'yan tsibirai ne da fadamu a bakin teku, kudu maso gabas da Kalaba. Galibin mazaunanta masunta ne, Efik da maƙwabtansu. Abin da ya sa ido ke kanta shi ne kifi, da man fetur da ke ƙarƙashin ruwa, ga shi kuma ta gefenta jiragen ruwa ke bi su shiga Kalaba.

Tushen rigimar tun zamanin Turawa ne. A 1884 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan Kalaba, a shekarar kuma Jamus ta kafa tutarta a Kamaru. Ran 11 ga Maris 1913 suka sa hannu a Landan kan iyaka daga Yola har teku. Iyakar ta bi kogin Akwayafe, sai Bakasi ta faɗa ɓangaren Jamus. Ba da shawarar masuntan aka yi ba.

Da aka kori Jamus daga Kamaru a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Rabon Ingila tare da Nijeriya aka riƙa mulkinsa, shi ya sa talaka bai ga wata iyaka ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen arewa, su Mubi da Ganye, suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Na kudu suka bi Kamaru. A 1975 Janar Gowon da Shugaba Ahidjo suka sa hannu a Marwa kan iyakar ruwa, wadda daga baya Nijeriya ta ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da ita ba.

Daga nan sai zaman doya da manja. A 1981 aka kashe sojan Nijeriya 5 a bakin iyaka. Ƙarshen 1993 Janar Abacha ya tura dakaru, cikin Maris 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke ƙasar Holan.

Kada ka ɗauka abin na 'yan kudu ne kawai. Ƙarar ta haɗa da tafkin Cadi, inda bandar kasuwanninmu ke fitowa. Da ruwa ya ja baya bayan farin shekarun 1970, masunta da manoma, har da Hausawa, suka bi shi suka kafa ƙauyuka irin su Darak, ana mulkinsu daga Borno.

Hujjar Nijeriya ita ce mutanenta ne a wurin, ita ke karɓar haraji. Kamaru kuwa takardu ta ajiye. Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce inda akwai takardar iyaka, daɗewar zama ba ta ture ta. Ta ba Kamaru Bakasi da yankin Darak.

A Disamba 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 na tafkin Cadi. A 2006 Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, a gaban Kofi Annan. Ran 14 ga Agusta 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka miƙa Bakasi baki ɗaya. Ba a yi babban yaƙi ba, alhamdu lillahi, amma dubban masunta sun bar gidajen da suka gada.

Malam, ku da birnin Kaduna ya matso gonakinku, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gonar aro ko jingina ko gado, a rubuta, mai unguwa da dagaci su shaida. Noman shekara 40 ba lalle ya tsaya maka a gaban alƙali ba in wani ya zo da takarda.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.