Gyara filin cikin gida a birnin Kano: Shukar da ba ta cin ruwa da lokaci

A unguwannin da ganuwar Kano ta kewaye, samun sarari a cikin gida ya zama abu mai wuya. Yawancin gidajen gado an yanyanka su, an ta da ɗakuna a inda a da ake shanya hatsi ko ɗaure dabbobi. Duk da haka har yanzu akan samu gidan da ke da ɗan fili a bayan ɗakuna, ko wani kango da soro ya rushe ba a sake ginawa ba.

Irin wannan fili idan aka ƙyale shi ba ya zama lafiya. Da damina ciyawa ta rufe shi, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa. Da rani kuma ya koma juji. Mai gidan da ke fita kasuwa ko ofis tun da sassafe, ba shi da lokacin zama ɗan lambu, kuma ruwan da iyalinsa ke sha ma saye yake yi. Abin da yake bukata shi ne tsarin da za a yi sau ɗaya, ya ba da inuwa da ɗan abin miya, ba tare da ya zama wani sabon nauyi ba.

Birnin da ya taɓa zama gonaki

Shuka a cikin ganuwa ba sabon abu ba ne. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Shi ma Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya yi bayanin itatuwan dabino da na gwanda da ya gani sun yi fice a saman gidajen birnin.

Waɗannan itatuwa biyu sun dace da ƙuntataccen wuri, domin sama suke miƙewa, ba sa baza rassa, kuma saiwarsu ba ta ɗaga gini. Tsakar gidan Bahaushe ta dauri daɓe ce mai tsabta, da itace ɗaya ko biyu, da ɗan lalle ko zogale a kusurwa. Wanda ke neman tsari mai sauƙin kulawa a yau, ba zai yi nisa da wannan ba.

Lissafin ruwa

A shekara mai matsakaicin ruwa, Kano kan samu abin da ya kai milimita 800 ko kusa da haka, kuma kusan dukkansa tsakanin watan Yuni da Satumba yake sauka, mafi yawa a Agusta. Daga nan sai kimanin watanni bakwai babu ko ɗigo, ga hunturu mai busar da ƙasa, ga zafin watan Afrilu da kan kai digiri 40.

Ruwan famfo daga matatun Challawa da Tamburawa bai wadaci birnin ba, abin da ya sa unguwanni da dama suka dogara da rijiyoyi, da burtsatse, da 'yan garuwa.

A nan ne ciyawar ado, irin wadda ake gani a harabar otel-otel da gidajen Nassarawa, ke faɗuwa jarrabawa. A lokacin bazara kowace murabba'in mita ta irin wannan ciyawa na bukatar lita 5 ko fiye a kullum. Filin da bai wuce mita 5 a faɗi da mita 6 a tsawo ba zai sha lita 150, wato jarka shida masu cin lita 25, kowace rana, ban da wahalar yanka.

Hatta a ƙasashe masu arziki an fara juya wa wannan ciyawa baya. Tun a 1981 hukumar ruwa ta birnin Denver a Amurka ta fara yayata tsarin ƙawata gida da tsirrai masu jure fari. A 2021 kuma jihar Nevada ta kafa dokar da za ta hana amfani da ruwan kogin Colorado wajen shayar da ciyawar ado a bakin tituna da harabar ofisoshi a yankin Las Vegas daga shekarar 2027.

A fara da ƙasa kafin shuka

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen dashe. Aikin farko shi ne a san inda ruwa ke bi. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya a duba filin yayin da ake tsuga ruwan sama: ina indararo ke zuba, ina ruwa ke taruwa, ta ina yake fita.

Dalili kuwa shi ne ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa. Idan danshi ya daɗe a gindin katanga, tubali ya jiƙa, sai ginin ya zauna ko ya kife. Dattawan birnin ba su manta da ruwan watan Agustan 1988 ba, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, lokacin da dubban gidaje suka rushe a Kano. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwanni an cike su an yi gini a kai, saboda haka ruwan da ya fita daga gida ba kullum yake samun wurin zuwa ba.

Don haka ake so a yi wa filin gangare daga jikin gini zuwa rariya, kamar santimita 2 a kowace mita. A ƙarƙashin kowane indararo a jera duwatsu, ko a ajiye duro mai murfi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce, ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 50 na zubar da kusan lita 40,000 a shekara. Ba za a iya tare shi duka ba, amma tanki ko duro biyu da aka cika a ƙarshen Satumba za su riƙe ƙananan dashe na tsawon makonni. Murfin wajibi ne, domin ƙwan sauro na zama sauro cikin mako guda zuwa kwana goma.

Sai kuma gwajin ƙasa. A haƙa rami zuwa gwiwa, a cika shi da ruwa. Idan washegari ruwan yana nan, ƙasar ta yi yumɓu da yawa, kamar yadda akan samu a kangon da tubali ya narke. Irin wannan wuri sai an gauraya shi da yashi da ruɓaɓɓen taki. Taki kuwa ba baƙon abu ba ne a birnin: shekaru aru-aru manoman kewayen Kano da jakuna suke kwasar toka da kashin dabbobi daga cikin gari zuwa gonakinsu.

Daɓe, siminti ko tsakuwa

Kashi biyu cikin uku na filin, ko ma fiye, ya kamata ya zama wurin takawa, na shanya, da wanki, da shimfiɗa tabarma. Mutane da yawa kan malale ko'ina da siminti domin su huta. Ana hutawa da ciyawa, gaskiya ne, to amma siminti na ɗaukar zafin rana ya riƙa sakinsa har tsakar dare, sannan yana tura ruwan sama gaba ɗaya zuwa lungu, kan katangar maƙwabci.

Daɓen gargajiya, wanda mata kan taru su buga da madaɓi a kan tsakuwa ko marmara, ana yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, ya fi sanyi a ƙafa, sai dai masu iya shi sun yi ƙaranci, kuma yana son gyara bayan 'yan shekaru. Matsakaiciyar hanya ita ce a jera intalok a kan yashi ba tare da liƙe tsakaninsu da siminti ba, ko a yi siminti a wurin wanki da hanyar wucewa kawai, sauran a zuba tsakuwa mai kaurin yatsu huɗu.

Itace ɗaya ya isa

A gidan cikin gari, zaɓen itace shi ne shawarar da ta fi kowace tsada idan aka yi kuskure. Durumi da ceɗiya da ganji itatuwan dandali ne da ƙofar fada. Saiwarsu na bin danshi har cikin rijiya da masai, ta kuma tsaga harsashin gini. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, aka kuma kawo ta Borno a 1928, ta yi suna wajen jure fari, amma girmanta ya fi ƙarfin ƙaramin fili, kuma tana zubar da ganye da 'ya'ya, ga tsiro barkatai da damina. Haka ma mangwaro. Tsamiya da kuka kuwa, ko ba don camfin da ake yi cewa matattarar iskoki ba ne, babu inda za su zauna.

Zogale ne ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Yana fitowa daga iri ko daga reshen da aka kafa, yakan kai mita uku a shekararsa ta farko, kuma da ya kafu ba ya neman ban-ruwa sosai. Idan ana sare kansa daidai ƙirji sau ɗaya a shekara, zai yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai, a samu na kwaɗo da na dambu.

Dabino na son haƙuri. Yana da namiji da mace, kuma wanda aka shuka daga ƙwallo ba a gane jinsinsa sai ya yi fure bayan shekaru. Wanda ke son 'ya'ya gara ya nemi ɗan da aka cire daga gindin uwar da aka san tana haihuwa. Rumman da gwaba da lemun tsami ba sa girma ainun, kuma suna jure sara. Gwanda na haihuwa cikin shekara guda, amma tana shan ruwa da rani, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu sai ta ruɓe.

Kowanne aka zaɓa, a nisanta shi da gini da aƙalla mita biyu zuwa uku. Ko lalle, wanda ke yin shinge mai kyau kuma furensa na da ƙamshi, bai kamata a manna shi da katangar ƙasa ba, domin ruwan da ake zuba masa katangar ce za ta sha. Inda fili bai kai a dasa itace ba, rumfa ta wadatar: a bar soso ko duma su hau ta da damina, da rani a shimfiɗa mata zana.

Tulu a cikin ƙasa

Akwai wata tsohuwar dabarar ban-ruwa da ta dace da garin da ake samun tukwanen ƙasa a kasuwa. Ana binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba har zuwa wuya, kusa da dashen, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun daidai yadda ƙasar ta bushe, saiwa kuma ta kewaye shi. Maimakon ban-ruwan kullum, sai a riƙa cikawa bayan 'yan kwanaki. Wani littafin noma na ƙasar Sin ya bayyana wannan dabara fiye da shekaru 2,000 da suka wuce.

Haka kuma ana iya aron dabarar tassa ta manoman yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wadda ake kira zai a Burkina Faso, inda marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna da ita: a yi shukar a cikin ɗan kwarmi mai taki, yadda ruwa zai taru a gindinta maimakon ya gudu.

Gida mai mutum goma na zubar da ruwan alwala sau biyar a rana. Idan aka yi wurin alwala a kan tsakuwa kusa da gindin itacen, kusan an gama maganar ban-ruwa. Ruwan wanke shinkafa da na ganye ma yana da amfani. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai omo ko bilic, domin gishirinsa na taruwa a ƙasa ya ƙona saiwa.

Rufe gindin shuka da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa na rage bushewar ƙasa, amma yana kiran gara. A gidan da aka rufe da azara, kada a kai shi kusa da gini. Tsakuwa na yin wannan aiki ba tare da haɗari ba.

Akuya, yara da maƙwabta

Akuya ɗaya na iya cinye aikin shekara cikin rabin sa'a, haka ma ragon layya da aka ɗaure na mako guda. Duk dashen da bai wuce tsayin mutum ba sai an kewaye shi da waya ko jeren bulo.

Akwai kuma tsirran da suke da kyau, suke jure fari, amma ba na gidan yara ba ne. Kariya mai jan fure, ruwanta guba ne. 'Ya'yan bini-da-zugu na kama da gyaɗa, kuma yara kan ci su kamu da amai da gudawa. A madadinsu ana iya ajiye ɗoɗɗoya da na'ana'a a cikin tsofaffin tukwane kusa da madafa.

A unguwannin da katanga ɗaya ke raba gida biyu, reshen da ya tsallaka, ko itacen da yara za su hau su hango cikin gidan wani, kan kai mutane gaban mai unguwa. Idan kuma filin na gado ne da ba a raba ba, gara a tsaya ga zogale da lalle da tukwane, waɗanda ba za a yi asara mai yawa ba in an zo gini.

Lokacin da ya fi dacewa da dashe shi ne daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna, domin saiwa ta samu watanni uku tana kafuwa kyauta. Ranin farko shi ne mai wuya, sai an riƙa cika tulu har zuwa faɗuwar ruwa. Daga shekara ta biyu aikin ya koma yashe rariya da duba indararo a watan Mayu, da cire ciyawa sau biyu ko uku da damina, sai kuma sare zogale da rage rassan da suka doshi katanga bayan an ɗauke ruwa a Oktoba.