Abin da MP3 Ya Zubar: Tarihin Ingancin Sauti Daga Faifan CD Zuwa Wayar Hannu

A ranar 1 ga Oktoba, 1982, kamfanin Sony ya fito da na'urar CDP-101 a kasuwannin Japan, na'ura ta farko da aka sayar wa jama'a don sauraron faifan CD. Shekara biyu kafin nan, Sony da kamfanin Philips na ƙasar Holan sun amince da ƙa'ida guda, suka rubuta ta a kundin da ake kira Jan Littafi saboda launin bangonsa. Alkawarin da suka yi wa mai saye babba ne. Faifan garmaho yana cinyewa duk lokacin da allura ta bi ta kansa, kaset kuma yana tara ƙura da hayaniya, kowane kwafi ya fi na bayansa dushewa. Shi kuwa CD lambobi ke cikinsa, kuma lamba ba ta tsufa.

Yadda ake mayar da murya lambobi shi ne a riƙa auna ƙarfin girgizar sauti a kai a kai. A CD ana aunawa sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo ana rubuta shi da bit 16, wato ɗaya daga cikin matakai 65,536. Tushen wannan yana cikin aikin Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na 1949, waɗanda suka nuna cewa in ana son kama sauti daidai, dole yawan awon ya haura ninki biyu na girgiza mafi sauri da ke cikinsa. Kunnen ɗan Adam ba ya wuce girgiza kusan 20,000 a daƙiƙa, saboda haka ana bukatar abin da ya ɗara 40,000. Ainihin adadin 44,100 kuwa gado ne daga kaset ɗin bidiyo. A ƙarshen shekarun 1970, na'urar bidiyo ce hanya mafi sauƙi ta ajiye lambobi masu yawa haka, sai injiniyoyi suka riƙa cusa awo 3 a kowane layin hoto. Layi 245 sau 60 a daƙiƙa sau 3 ya ba da 44,100 a tsarin talbijin na Amurka da Japan, layi 294 sau 50 sau 3 ya ba da wannan adadin a tsarin Turai.

Ingancin ya zo da nauyi. In aka haɗa awo 44,100 da bit 16 da ɓangarori biyu na dama da hagu, ana samun bit 1,411,200 a daƙiƙa, kusan megabait 10 a minti ɗaya. Waƙar minti huɗu za ta ci megabait 40, kuma saukar da ita ta layin tarho mai gudun kilobit 56 zai ɗauki fiye da awa ɗaya da rabi.

Maganin ya fito daga garin Erlangen na Jamus, inda Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa a Cibiyar Fraunhofer suka juya tambayar. Suka bar neman yadda za a adana duk sautin, suka koma neman abin da za a zubar kunne bai lura ba. Masana ji sun daɗe da sanin cewa ƙara mai ƙarfi tana binne ƙaramin sautin da ke kusa da ita, kamar yadda bugun tambari ke haɗiye raɗar wanda ke gefenka. Manhajarsu takan kasa sauti gunduwa-gunduwa, ta ƙiyasta abin da ya binne, ta rage masa kulawa ko ta watsar da shi ɗungurum. Brandenburg ya sha gwada aikinsa da waƙar Tom's Diner ta Suzanne Vega, wadda murya ce zalla ba kiɗa, domin a nan ne kuskure ba ya samun maɓoya. An buga tsarin cikin ƙa'idar MPEG-1 a 1993, aka raɗa masa sunan .mp3 a watan Yulin 1995. A kan kilobit 128, waƙar minti huɗu ta koma ƙasa da megabait 4, kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na asalinta.

Daga nan abubuwa biyu suka shiga hannun kowa. Na farko tatsa, wato kwashe waƙa daga faifai zuwa kwamfuta. Na biyu ƙonawa, wato ɗora ta a kan faifan CD-R, inda hasken leza ke ƙona wani siririn rini don ya bar alamu. Napster ya bayyana a 1999, iPod a 2001, kuma a wannan shekarar Apple ya yi tallar da ke gayyatar mutane su tatsa, su haɗa, su ƙona. Abin da jama'a da yawa ba su gane ba shi ne, akwai wurare uku da inganci ke iya zubewa a wannan tafiya.

Wuri na farko shi ne tatsar kanta. An tsara CD ne don a saurara, ba don a kwafa ba. Yana da tsarin gyara kuskure da aka gina kan lissafin Reed da Solomon na 1960, amma kowane yanki nasa mai bait 2,352 sauti ne duka, alhali faifan bayanan kwamfuta yana amfani da 2,048 ne kawai, ya ware sauran don adireshi da ƙarin kariya. In karce ya fi ƙarfin gyara, na'ura takan dubi awon gaba da na baya ta cike gurbin da kintace. Mai sauraro ba ya lura, amma kwafin ya daina zama daidai da asali. Shi ya sa Andre Wiethoff ya fitar da manhajar Exact Audio Copy a 1998, wadda ke maimaita karatun kowane yanki har sai sakamakon ya daidaita.

Wuri na biyu shi ne matsewa, kuma a nan asarar ta fi girma. Abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. Mutum zai iya ƙona MP3 a faifai, ya sami abin da ke da girman CD da kamannin CD, amma sautin cikinsa na MP3 ne. In wani ya tatsi wannan faifan ya sake matse shi, manhajar za ta yanka daga abin da aka riga aka yanka. Haka dusashewar da aka gudo wa a zamanin kaset ta dawo ta bayan gida. A kan kilobit 256 ko 320, yawancin mutane ba sa iya bambance MP3 da CD in ba a faɗa musu ba, to amma wannan a matsar farko ne. Tsarin FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, ya bi wata hanya: yana rage girman waƙa da kusan rabi, kuma in aka buɗe shi kowace lamba tana dawowa yadda take.

Wuri na uku shi ne faifan. CD na masana'anta ana danna alamunsa ne a jikin roba, shi kuwa CD-R rini ne, kuma zafi da hasken rana da laima suna cin rini. Ƙonawa ba ta rage ingancin sauti in an yi ta daidai, sai dai faifan na iya daina karantuwa bayan shekaru.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Brian Larkin, wanda ya yi nazarin kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai a Kano, ya nuna yadda kwafi bisa kwafi ya sa dushewar sauti da hoto ta zama abin da aka saba da shi. Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da yawa sun bi wannan hanya: daga faifai ko zaren rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, sannan zuwa MP3 a shagon masu tura waƙa. Kowane zango ya ci rabonsa, kuma ƙananan sautuka ne suka fara tafiya, irin su kaifin kotso da muryoyin 'yan amshi.

A 2017 aka rufe shirin karɓar kuɗin lasisin MP3, a 2021 kuma Apple Music ya fara ba da waƙoƙi ba tare da asarar inganci ba. Ƙarancin wurin ajiya da jinkirin intanet da suka haifi MP3 sun ragu sosai, kuma cibiyoyin adana sauti sun daɗe da tsayawa kan ƙa'ida ɗaya: a kwashi asali sau ɗaya cikin tsarin da ba ya zubar da komai, WAV ko FLAC, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, a riƙa fitar da MP3 daga gare shi don rabawa. Duk gidan da ke da tsohon kaset na wa'azin wani malami ko waƙar wani makaɗin fada, to watakila shi ne kwafi mafi kusa da asali da ya rage. Kada a yar da shi don an ga waƙar a waya.