Hannun birki da madannin giya: Dalilin da ya sa kayan keken hawan dutse ba sa shiga juna

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a cikin birnin Kano. A lungunan Yakasai, Mandawari da Jakara, inda mota ba ta ratsawa, keke mai giya ya zama abin hawan ɗalibi da ɗan kasuwa. Da yawa daga cikinsu kekunan hawan dutse ne na gwanjo. Matsalarsu takan bayyana ranar da hannun birki ko madannin giya ya karye: a sayo sabo, mai gyara ya gwada, ya ce bai hau ba.

Yadda ake ɗaura su

Kaurin kan keken hawan dutse, a daidai inda ake riƙewa, milimita 22.2 ne. Saboda haka duk madannin giya ko hannun birki da ke da zoben ɗauri nasa na kansa zai zauna a kai, ko wane kamfani ya ƙera shi.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙananan kekuna, inda birki da giya suke jiki ɗaya, kamar samfurin EZ-Fire na Shimano. A nan idan ɗaya ya lalace, sai dai a canza su gaba ɗaya.

Hanya ta uku, wadda ta fi jawo ruɗani, ita ce ta kekuna masu tsada: ana ɗaura madannin giya a jikin zoben birki, don rage cunkoso a kan keke. Kowane kamfani da irin mazaunin da ya ƙirƙira.

Kamfanoni biyu, mazauni iri-iri

Shimano, wanda aka kafa a garin Sakai na Japan a 1921, yana kiran tsarinsa I-Spec. Na farko, I-Spec A, ya zo da samfurin XTR na 2011. I-Spec B ya biyo baya a 2013, sai I-Spec II a 2014, sannan I-Spec EV a 2018, wanda ke ba da damar gusar da madannin gefe har milimita 14. Duk da uwa ɗaya uba ɗaya ne, madannin I-Spec II ba ya hawa birkin EV kai-tsaye, haka kuma na A da B ba sa hawa na II.

SRAM, da aka kafa a Chicago ta Amurka a 1987, ya sayi kamfanin birki na Avid a 2004, kuma tsarinsa shi ne MatchMaker, daga baya MatchMaker X. Ba ya shiga na Shimano.

Wannan giɓi ne ya buɗe wa wasu kasuwa. Wolf Tooth yana ƙera ɗan ƙarfen haɗi mai suna ShiftMount, Problem Solvers na da MisMatch, Magura kuma na da Shiftmix. Sai dai kowanne an yi shi ne don birki iri ɗaya da madanni iri ɗaya, don haka dole mai saye ya san sunayen biyun.

Hawa daban, aiki daban

Ko madanni ya zauna daram, ba shi ke nan ba. Dole adadin giyarsa ya yi daidai da na haƙoran baya: madannin giya 7 ba ya jan giya 9. Haka kuma tsawon wayar da yake ja a kowace dannawa ya bambanta tsakanin Shimano da yawancin kayan SRAM. Idan aka gauraya su, sarƙa za ta riƙa tsalle.

Ɓangaren birki ya fi haɗari. Birkin V yana buƙatar hannu mai jan waya da nisa. Idan aka sa masa hannun tsohon birki mai gajeren ja, hannun zai taɓa kan keke kafin taya ta tsaya sosai. A birki mai aiki da mai kuwa, Shimano na amfani da man ma'adini, yawancin birkunan SRAM da Avid na baya kuma man DOT. Zuba ɗaya a madadin ɗaya yana lalata robobin ciki, birki ya mutu. A cunkoson Ƙofar Mata ko bakin Kasuwar Kurmi, wannan batu ne na rai.

Abin lura kafin biyan kuɗi

Kowane kayan Shimano na ɗauke da lamba a jikinsa: BL na hannun birki, SL na madannin giya, ST na wanda ya haɗa biyun. Wannan lamba, ba kamannin kaya ba, ita ke nuna abin da zai dace. Ya fi kyau a tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, a ƙirga haƙoran baya, a kuma yi sharaɗin mayarwa idan bai hau ba.

A zamanin Raleigh, da aka taɓa harhaɗawa a Kano, kayan wani keke kan shiga wani, mai gyara kuma ya sallami mutum a zama ɗaya. Yau kamfani ke sauya mazauni duk bayan 'yan shekaru, kuɗin sauyin kuma ya faɗa kan mai keken gwanjo. Mafitarsa ita ce ya nemi birki da madanni masu zobe daban-daban, ta yadda idan ɗaya ya karye, ɗayan zai ci gaba da aiki.