Daren da Taurari Suka Zuba a Amurka

Gabanin asubahin 13 ga Nuwamba, 1833, mutanen gabashin Amurka suka farka cikin ihu da bugun ƙofofi. Waɗanda suka fito waje sun tarar da sama tana zubar da wuta kamar ana sheƙa ruwan Agusta, taurari dubu-dubai suna faɗowa babu ƙaƙƙautawa. Da yawa sun durƙusa suna neman gafara, don sun tabbata tashin duniya ne ya zo.

Daren ya zauna a zukatan mutane. 'Yan ƙabilar Lakota, masu zana tarihin shekarunsu a kan fatar ɓauna, sun sa wa wannan shekara alamar taurari. Bayin da ke gonakin kudu, waɗanda ba a rubuta musu ranar haihuwa, sun riƙa ƙirga shekarunsu daga wannan dare. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya zama mashahurin marubuci, ya gani da idonsa yana matashi a Maryland.

A Jami'ar Yale kuwa, Farfesa Denison Olmsted bai tsaya ga mamaki ba. Ya lura duk wutar daga wuri guda take ɓullowa, wato burjin Zaki, kuma wurin yana tafiya tare da taurari. Ya sa sanarwa a jarida yana roƙon duk wanda ya gani ya rubuto masa, wasiƙu suka yi ta zuwa. A 1834 ya bayyana abin da ya gano: abin ba daga iskar duniya ya taso ba, daga sararin samaniya ya shigo.

Sai aka koma tonon tsofaffin littattafai. Ashe Alexander von Humboldt ya ga irinsa a Kumana ta Benezuwela a Nuwamban 1799. Hubert Newton, shi ma na Yale, ya bi sawun labarin har zuwa 902, shekarar da marubutan Larabawa suka kira shekarar taurari, suka kuma haɗa ta da rasuwar Ibrahim ɗan Ahmad, sarkin Aglabawan Tunisiya. Lissafi ya nuna abin yana dawowa kusan duk shekara 33. Newton ya ce a saurari 1866, aka kuwa gan shi a Turai.

A daidai wannan lokaci aka gano tauraro mai wutsiya Tempel-Tuttle, wanda shi ne tushen lamarin. Yana barin ƙura a hanyarsa, duniya kuma tana ratsa ƙurar kowane Nuwamba. Yawancin ƙwayoyin ba su wuce tsabar yashi ba, amma suna shigowa da gudun kilomita 71 a daƙiƙa, sai su ƙone tun daga can sama.

Lissafin bai cika kullum ba. A 1899 jama'a suka kwana a waje, abin da suka gani bai taka kara ya karya ba, domin jan duniyar Jufita ya karkatar da ƙurar. Amma ranar 17 ga Nuwamba, 1966, masu kallo a dutsen Kitt Peak na Arizona sun ƙiyasta faɗowar taurari kusan arba'in a daƙiƙa guda. Ana sa ran Tempel-Tuttle zai sake kusantar rana a 2031.