KAFIN ZUWAN BISHIYAR ROBA: TARIHIN ADON KIRSIMETI A KUDANCIN KANO

 Yau za mu bi titin Kano zuwa Zariya, mu tsaya a Kwanar Dangora, wato inda hanya ke rabuwa ta nufi Tudun Wada da Doguwa, ta ratsa dajin Falgore ta wuce Jos.

Abin da ya kai mu can saƙo ne da wata mai sauraro ta turo mana daga wannan yanki. Ta ce ita amarya ce, wannan ce Kirsimetinta ta farko a ɗakin miji, kuma duk hoton da ta gani a TikTok akwai bishiya da fitilu masu walƙiya. Kuɗin ba su kai ba, har tana tunanin cin bashi don kada dangin miji su zo su ga ɗaki fayau. Ta tambaya: wai da can iyayenmu da me suke ƙawata gida?

To 'yar'uwa, ki gyara zama, amsar doguwa ce.

Na san wani zai ce, Kirsimeti kuma a ƙauyen Kano? E mana. A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa akwai Hausawa Kirista, haifaffun wurin, gonakinsu na gado suna nan. Yawancinsu jikokin Maguzawa ne, wato Hausawan da suka ci gaba da addinin gargajiya ƙarƙashin sarakunan Kano. Da Hausa suke ibada, da Hausa suke waƙa a coci.

Addinin bai shigo musu da wuri ba. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso Kano da tawagarsa, Sarkin Kano Alu ya ce su fice masa daga gari. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka daɗe suna taka wa 'yan mishan birki. Sai a shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta samu shiga lardin Kano, musamman ta hanyar aikin jinya, irin asibitin kutare na Yadakunya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1954 kuma majami'un SIM suka zama ECWA. Daga nan masu wa'azi, da yawansu 'yan ƙasa, suka riƙa shiga ƙauyukan Maguzawa.

Ku lura da wani abu. Mutanen nan sun karɓi bikin 25 ga Disamba, amma ba a kawo musu shi da kayan ado a kwali ba. Ranar ta faɗo daidai lokacin da manomi ke da sarari: kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, ruwa ya ɗauke, hunturu ya kama. Dama can a wannan lokacin ake gyaran gida, a wannan lokacin ake bukukuwan aure, kuma Maguzawa suna da bikin Kalankuwa na murnar kammala girbi. Sai Kirsimeti ta zo ta zauna a gurbin da ta tarar. Adon gidanta shi ne adon gidan Bahaushe in babbar rana ta gabato.

Mu shiga gidan mu duba.

Aikin farko na maza ne. Damina ta ci katanga, sai a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe. A sare sabbin karan dawa a ɗaure danga, a saƙa zana a tare ƙofar gida, ɗakin da jinkarsa ta tsufa a sake masa baibaya da sabuwar ciyawa. Ko daga nesa ka hango gida da sabon kara yana ɗaukar ido, ka san an shirya wa baƙi.

Na biyu, daɓe, kuma wannan fagen mata ne. Za a zuba tsakuwa da ƙasa a tsakar ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowacce da madaɓinta, suna bugawa tare suna waƙa. Sirrin yana cikin makuba. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa har ruwan ya yi duhu, a riƙa yayyafa shi ana bugu. Shi ke sa daɓen ya yi tauri, ya yi ja mai duhu, ya yi santsi kamar an goge. Ita ɗorawar an sha garinta, an yi daddawa da kalwarta, ɓawon kuma ya zama simintin talaka. Ladan masu aiki? Fura ko kunu da tuwo, sai kuma alkawarin gobe kowa ta zo daɓen maƙwabciya. Gayya ke nan.

Na uku, bango. A jiƙa farar ƙasa a shafe ɗaki da tsumma, a ja layin jar ƙasa daga gindi, mai hannu ta zana abin da ta iya a bakin ƙofa. Na huɗu, jere. Tun ana jera ƙore da faya-fayai masu launi, har kwanukan samira da tasoshi suka shigo kasuwa. A sauke su, a wanke da toka su yi ƙyalli, a mayar. Sai a shimfiɗa sabuwar tabarma, a share tsakar gida tas, a yayyafa ruwa don ƙurar hunturu ta kwanta.

In kuna son ganin yadda wannan fasaha ta shiga coci da kanta, ku je Wusasa a Zariya. CMS ta koma can a 1929, kuma cocin St. Bartholomew da aka gina a lokacin da ƙasa aka yi shi, ginin Hausa sak, da bakan gizo a rufinsa. Yana nan tsaye har yau.

To ita bishiyar fa, daga ina? Al'adar Jamus ce, tun wajen ƙarni na 16. Kuma can ma itacen da ba ya zubar da ganye a lokacin ƙanƙara ake sarowa daga daji, a rataya masa tufa da goron ƙasarsu da takarda. Ta yi suna a Ingila bayan 1848, lokacin da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert, wanda Bajamushe ne, tsaye da 'ya'yansu a gaban bishiya. Fitilun lantarki kuma sai 1882 aka fara ɗaura su, a birnin New York na Amurka, a gidan Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison. Yau kaso mai yawa na bishiyoyin roba da ƙyalƙyali daga garin Yiwu na ƙasar Sin suke fitowa, su sauka Legas, su hau tirela zuwa kasuwar Sabon Gari, daga nan ɗan makaranta ko ma'aikaci mai komawa gida hutu ya riƙo su zuwa ƙauye.

Akwai kuma wani adon da ya girmi bishiyar. A 1223, a ƙauyen Greccio na Italiya, Francis na Assisi ya shirya kwatancin wurin haihuwar Yesu Almasihu. Me ya yi amfani da shi? Komin dabbobi, ciyawa, sa da jaki. Ku gaya mini wanne ne babu a gidan manomi a Doguwa.

Kun ga ke nan, Bajamushe ya yi ado da abin da ke bayan gidansa, mutumin Italiya ma haka, kakanninmu ma haka. Mu ne muka zo muna ganin in ba a sayo daga kanti ba, ba a yi ado ba. Ga shi tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Manomin da ya sayar da buhun masara a kaka, lokacin da take araha, don ya sayi fitilar da sai da wutar NEPA take kamawa, shi ne zai sayi masarar da tsada a tsakiyar damina.

Ba na cewa bishiya laifi ce. Mai hali ya saya, yara suna murna da ita. Amma akwai asarar da ba ta kuɗi ba. Siminti da tayil sun kori daɓe, kuma tsofaffin da suka san yadda ake haɗa makuba suna ƙarewa. In ba a tambaye su yanzu ba, sai dai mu ji labari.

Saboda haka amarya, ga abin da tarihi ya ba ki. Ki shafe bango da farar ƙasa. Ki sauke jerenki ki wanke, ki rataya faya-fayai uku ko huɗu masu launi. Ki tara yaran gida, waɗannan da ke ƙera motar kara, ki ce su ƙera miki tauraro da karan dawa, ku liƙa masa takardar ƙyalli ta kwalin shayi ko ta biskit. Ƙyallayen atamfa da tela ya zubar, ki yanka ki jera a zare ki ɗaura a ƙofa. In ranki na son bishiya, ki saro busasshen reshe, ki kafa a tukunyar ƙasa da yashi, ki shafa masa farar ƙasa. Kyandir dai a yi nesa da shi da kara da zana, don gobarar hunturu ba ta jiran a kawo guga.

Kuɗin da ya rage ki zuba a tukunya. A garuruwan nan kwanon shinkafa da nama yana tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci Musulmi ranar Kirsimeti, ya dawo da tuwon sallah in lokacinsa ya yi. Surukarki kuwa, in ta shigo ta ga ɗaki fes da jere yana ƙyalli, ɗakin amarcinta za ta tuna.

Wanda kakarsa ke raye, ya je ya tambaye ta yadda suke daɓe, ya ɗauki muryarta a waya ya turo mana. Mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku faɗa mana yadda ake yi a ƙauyenku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.