Yadda Gwanin Ces Ya Samu Mazauni a Tsohuwar Kwamfuta

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Minjibir, inda gona ke jingine da gona, dara ce wasan manya bayan an kai amfani gida: gurbi 30 a ƙasa, wannan da tsinkayensa 12, wancan da tsakuwoyinsa. Ces kuwa baƙuwa ce. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan a 2015, laftof 'yan gwanjo suka ƙara kwararowa karkara daga shagunan Beirut Road da Farm Centre, kuma mai Windows 7 takan zo da Chess Titans a cikinta. A nan yara da dama suka fara ganin doki na tsalle a kan allo.

Wasu na zaton sai sabuwar na'ura ce za ta iya ɗaukar manhajar ces mai ƙarfi. Ba haka abin yake ba, domin a cikin ƙunci aka raini wannan fasaha. A 1976 Peter Jennings na Kanada ya rubuta Microchess don KIM-1, na'urar da ma'ajiyarta ba ta wuce kilobait 1 da 'yan kai ba. A 1982 David Horne ya cusa ces cikin bait 672 don ZX81 ta Ingila, wato bai kai rabin haruffan wannan maƙala ba. Dole ta sa ya bar wasu dokokin wasan a waje, amma dai manhajar tana bugawa.

An fi tuna 1997, lokacin da Deep Blue ta IBM, mai auna matsayi miliyan 200 a daƙiƙa, ta doke Garry Kasparov. A ganina 1995 ta fi muhimmanci gare mu. A shekarar, a Hong Kong, manhajar Fritz a kan kwamfutar tebur mai Pentium ta kayar da samfurin farko na Deep Blue, ta lashe gasar kwamfutoci ta duniya. Masu rubuta manhaja sun koya mata ta watsar da motsin da ba shi da amfani tun da wuri, kamar yadda tsohon ɗan dara ba ya ɓata lokaci kan kowane gurbi. Zuwa 2009, Pocket Fritz 4 a cikin wayar hannu ta cinye gasar ƙwararru a Buenos Aires.

Manhajar ces ta Stockfish ta fito a 2008, kyauta ga kowa. Daga 2020 sababbin fitowarta sun ƙara nauyi, amma Stockfish 11 na tafiya sumul a tsohuwar laftof, kuma ko zakaran duniya ba zai ja da ita ba.

Matsalar karkararmu wuta ce da mataccen batir. Malaman makaranta, ku yi caji a shagon mai sola, ku kwafo manhajojin ces irin su Lucas Chess ko Arena a filash, ba sa buƙatar intanet. Ku rage wa manhajar ƙarfi daidai da yaro, ku zaunar da ɗalibai bibbiyu a gabanta.